Me ya durƙusar da gidan rediyo da talabijin na SABC?

Tambaya: Na sha jin ana cewa almundahana ta dabaibaye SABC, kafar yaɗa labarai ta gwamnatin Afirka ta Kudu. Don Allah a yi mini bayani.

Amsa: Malam, batun ya fito fili ne a 2014, lokacin da Thuli Madonsela, mai binciken koke-koken jama'a, ta fitar da rahoton da ya gano cewa Hlaudi Motsoeneng, muƙaddashin shugaban gudanarwa, ya yi ƙaryar samun takardar kammala sakandare, kuma albashinsa ya tashi daga rand miliyan 1.5 zuwa miliyan 2.4 cikin shekara guda. Abin mamaki, maimakon a hukunta shi, sai aka tabbatar masa da kujerar.

A 2016 ya hana nuna hotunan zanga-zangar da ake ƙona dukiyar gwamnati, aka kuma sallami 'yan jaridar da suka ƙi amincewa, har sai da aka mayar da yawancinsu bakin aiki bayan hukuncin kotu. Majalisar dokoki ta yi bincike, an kori Motsoeneng a 2017, amma asusun gidan ya riga ya bushe, domin a 2019 sai da gwamnati ta agaza masa da rand biliyan 3.2.