Wata uku a Legas: ina zan sauka, me zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne daga Zariya, na samu gurbin IT, wato horon aiki na ɗalibai, a wani kamfani a Ikeja daga watan Yuni zuwa Agusta, kuma ban taɓa taka Legas ba. Wani ɗan'uwanmu ya ce in sauka wurinsa a Ajah kyauta, abokina kuma ya ce mu haɗa kuɗi mu kama ɗaki a Agege. Wanne zan ɗauka? Ina kuma so in ga gari, kada in dawo ban san ko'ina ba sai hanyar ofis.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka yi wa ɗan'uwanka godiya sosai, amma ka kama ɗakin Agege. Ajah tana can gaba da Lekki, kuma kafin ka isa Ikeja sai ka tsallaka ruwa, galibi ta gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12. Ranar da hanya ta cushe, awa biyu ko uku a mota ba abin mamaki ba ne, safe da yamma. Kuɗin hayar da kake ganin ka tsira da shi a hannun kwandastan danfo, wato ƙananan motocin haya na Legas, zai ƙare, ga gajiya. Wanda ya baro gida kafin asuba ya dawo bayan isha'i, ranar Asabar barci kawai zai yi, ba ganin gari ba.

Agege kuwa maƙwabciyar Ikeja ce, kuma Hausawa sun daɗe da kafuwa a can, har da Sarkin Hausawa. Masallaci, tuwo, mai shayi da za ka tambaya hanya da harshenka, duk suna nan. Jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana tsayawa a Agege da Ikeja, ya wuce Oshodi da Yaba har Oyingbo. Ranar farko ka sayi katin Cowry, da shi ake biyan jirgin da manyan motocin bas na BRT. Kada ka biya kuɗin ɗaki sai ka gan shi da idonka, ka kuma tambayi maƙwabta ko ruwa yana shiga layin.

Batun ganin gari, ka ware wa kowace Asabar wuri ɗaya tak. Ni dai da unguwar Onikan da ke tsibirin Legas zan sa ka fara. Gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1957 yana can, kuma a ciki aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Tsayuwa a gabanta daban take da karanta labarin a aji. Wata Asabar ɗin ka je zumunci Ajah, a hanya ka tsaya Lekki Conservation Centre, ka hau gadar da aka rataya a saman bishiyoyi mai tsawon mita 401.

Tambaya: Yaya, ni ma IT zan yi a Yaba. Na tara ɗan kuɗi, in sayi sabuwar waya ne saboda hotuna?

Amsa: Ƙanwata, riƙe tsohuwarki. Waya mai tsada a tashar mota ido take jawowa, kuma hankalinki zai koma kanta. Yuni da Yuli su ne tsakiyar ruwan Legas, don haka ki sayi lema mai ƙarfi, takalmin roba da za ki tsallaka ruwa da shi ki sauya a ofis, da fawa banki, domin taswirar waya tana shan caji. An hana acaɓa a Yaba tun 2022, kada ki sa shi a lissafinki. Sauran kuɗin ki ajiye na mota da abinci, don alawus ɗin IT ba kasafai yake zuwa a kan lokaci ba.