Ya ce mu ba shi kashi 10 kafin ya samo mana rance

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a wani ƙauye kusa da Maigatari. Mu 12 muka haɗa kai, muna son mu sayi wake da kaka mu ajiye zuwa bazara. Wani mutum ya zo daga birni, ya ce shi mai ba 'yan kasuwa shawara ne, zai rubuta mana takardar tsarin kasuwanci ya kuma samo mana rance a banki, amma sai mun fara ba shi kashi 10 cikin 100 na abin da muke nema. Mu biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ku biya. Ba shi ne mai ba da rancen ba, don haka ba shi da ikon yi muku alƙawarinsa. Ko Bankin Manoma ne mai hedikwata a Kaduna, ko ƙaramin banki na garinku, ma'aikatansa ne za su duba ku su yanke hukunci. In suka ce a'a, wa zai maido muku da kuɗinku?

Ban ce sana'ar ba da shawara damfara ce ba, ita nake yi, kuma na san amfaninta a karkara. Amma ana biyan mai shawara ne a kan aikin da ido zai gani: ya zauna da ku ya fitar da lissafi, ya koya muku rubuta shige da fice, ya haɗa ku da mai saye a Dawanau. A yi ciniki a kan aikin, a ba shi wani abu da farko, cikon in ya gama.

Abin da ya fi damuna ma shi ne lissafin ajiyar kanta, don ban ji kun ambace shi ba. Mu ɗauki misali. A ce kun sayi buhu a kan naira 60,000. In kuɗin ruwan banki ya kai kashi 30 a shekara, wata shida zai ci 9,000 a kowane buhu. Kason mutumin nan 6,000. Buhun ajiya, lodi, mota da hayar sito, a ce 4,000. Buhu ya tsaya muku a 79,000 ke nan. Sai farashi ya tashi da kusan kashi ɗaya bisa uku kafin ku ga ko kwabo na riba. In kuna gudun ruwa, akwai bankunan Musulunci irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ. Su sukan sayi kayan su sayar muku da ribar da aka sani tun farko, kuma ita ma dole ta shiga lissafi.

Sannan ba kowace shekara hatsi ke tashi ba. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150. Da aka shiga 2025 farashin hatsi ya yi ƙasa, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Wanda ya ajiye da kuɗinsa ya yi haƙuri ya jira. Wanda ya ajiye da bashi kuwa, lokacin biya ba ya jiran kasuwa, wasu har sai da suka taɓa gona ko dabba. Wannan nake ji muku tsoro.

Ga abin da zan so ku yi bana. Ku yi wa ƙungiyarku rajista a ofishin ƙungiyoyin gama kai na jiha, ku buɗe asusu da sunanta, mutum uku su riƙa sa hannu. Ku tara abin da za ku iya daga aljihunku, ko ta hanyar adashi, ku sayi wake daidai ƙarfinku. Ku busar da shi sosai ku zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da an sa magani ba. Kowane buhu da ya shiga ko ya fita a rubuta, da ranarsa da farashinsa, kuɗin kuma su bi ta asusun. Kada ku sayar gaba ɗaya a rana guda, ku rarraba.

Shawara ta kyauta ma akwai ta kusa da ku. Ku nemi malamin gona na JARDA, wato hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Jigawa, da ke yankinku, ku kuma leƙa ofishin SMEDAN, hukumar da aka kafa a 2003 domin ƙananan sana'o'i. In shekara ta zagayo, littafinku da bayanan asusunku su ne abin da banki zai nemi gani.

Shi kuwa baƙonku, ku tambaye shi sunan ƙungiya biyu da ya taɓa yi wa aiki a nan Jigawa, ku tura mutum ya je ya ji daga bakinsu. In ya kawo su kuma suka yaba, ku yi cinikin rubuta takardar kaɗai, a kan kuɗi tsayayye.