Amsa ga mai tambayar kamun kifin tirawut ta ƙarƙashin ƙanƙara a Minesota

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce wannan ne hunturunka na farko a jihar Minesota ta Amurka, sau uku kana zuwa ƙaramin tafkin da hukuma ke zuba wa kifin tirawut, ka huda ƙanƙara a tsakiya, ka saki ƙugiya har ƙasa, ka wuni ko taɓi ba ka samu ba, alhali na bakin gaɓa suna ta ɗagowa. Kana tambaya ko koton ne bai yi ba, ko kayan aikin.

Ba koto ba ne, wurin zama ne. Wanda ya saba da fatsar tarwaɗa a gida hannunsa ya riga ya koyi neman zurfi da taɓo, domin can tarwaɗa take kwanciya. Tirawut ba haka yake ba. Kifin ruwan sanyi ne, da bazara zafi ke kora shi ƙasa, amma da zarar ƙanƙara ta rufe tafki, ruwan gaba ɗaya bai wuce digiri 4 a ma'aunin Selshiyos ba, saman ma ya fi ƙasan sanyi. Babu abin da zai tsare shi a zurfi. Sai ya riƙa zagaya gefen tafkin yana neman ƙwari da ƙananan halittun da ke cikin ciyawar ruwa. Irin da suke kira renbo, wanda shi aka fi zubawa a tafkuna irin su Cenaiko a Coon Rapids da Courthouse a Chaska, sau da yawa ƙafa 3 zuwa 8 kawai yake tafiya ƙarƙashin ƙanƙarar, ko da kuwa ruwan wurin ya kai ƙafa 40. Kuma idanunsa sun fi ganin abin da ke samansa. Koton da ke kwance ƙafa 30 a ƙarƙashinsa, wucewa zai yi bai san da shi ba.

Don haka ka koma gaɓa. Ka huda ramuka shida zuwa takwas a jere, kana farawa daga inda ruwa yake ƙafa 4, kana matsawa ciki har inda ya kai ƙafa 15, da tazarar taku goma tsakaninsu. Ka nemi inda ƙasa ta kutso cikin ruwa kamar hanci, ko bakin ciyawa, ko itacen da ya faɗa ruwa, ko inda ƙasan ya gangara farat ɗaya. Kifin da ke zagaye dole ya bi ta irin waɗannan wurare. Idan irin buruk ne a tafkin, mai jajayen ɗigo a jiki, shi ya fi son ƙafa 3 zuwa 6 ma, dab da duwatsu da itace. Kafin ka fita ka buɗe LakeFinder a shafin hukumar albarkatun ƙasa ta jihar, wato DNR, za ka ga taswirar zurfin tafkin, da irin kifin da aka zuba da yawansa da shekarar da aka zuba.

Duk ramukan ka huda su lokaci ɗaya, tun da duhu, sannan ka zauna shiru. Wannan shi ne abin da sababbi suka fi rainawa. A ruwan ƙafa 5, ƙarar mahudi da jan kaya da takun takalmi mai ƙusa duk suna sauka kai tsaye kan kifin, sai ya watse, kuma zai iya ɗaukar minti ashirin bai dawo ba. Lokacin cin koto kuwa gajere ne: daga fitowar haske zuwa kamar awa biyu bayan hantsi ya fara, sai kuma awa ɗaya kafin Magariba. A watan Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas saura kwata, ka ga kana idar da Asuba ka kama hanya, ka isa daidai. Wanda ya zo ƙarfe goma sha ɗaya ya tarar da kasuwa ta watse.

Kayan aiki ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Gajeriyar sandar fatsa mai inci 26 zuwa 30, mai laushin baki, da ƙaramin kwarkwaron naɗe zare. Zaren ya zama mai ɗaukar fam 4, kada ka wuce 6, domin waɗannan tafkuna ruwansu garau yake kuma kifin yana ganin zare mai kauri. Mahudin hannu mai faɗin inci 6 ya isa, ya kuma fi na inci 8 sauƙin murzawa nesa ba kusa ba. Ka riƙe ludayi mai huji don kwashe garin ƙanƙara daga ramin.

A bakin zaren, abu biyu ne suke aiki. Na farko ɗan jig, wato ƙugiya mai ɗan dunƙulen ƙarfe a ka, girman milimita 3 ko 4, fari ko ruwan hoda ko ruwan lemo, ka soka masa farar tsutsar nan ta saƙar zuma da ake sayarwa a shagunan koto, guda ɗaya ko biyu. Ka soke ta ta wajen kai kawai, ka bar jikin yana lilo. Da ta yi fari fat ta saki jiki, canza ta. Na biyu ƙaramin cokali mai walƙiya, wato ɗan ƙarfe mai ƙugiya a jela, irin Kastmaster ko Swedish Pimple, nauyin kashi ɗaya cikin 16 zuwa ɗaya cikin 8 na oza. Cokali yana kiran kifi daga nesa, jig kuma shi ke sa mai shakka ya ci. Tunda kifin gidan kiwo ne da ya tashi da abincin dunƙule, ƙullin koton kanti mai suna PowerBait ma yana kama shi, musamman wanda ba a daɗe da zubawa ba.

Yadda za ka yi wasa da shi: fara daga sama. Saki koton ƙafa 2 ƙarƙashin ƙanƙara, ɗaga shi kamar taƙi ɗaya, bar shi ya sauka da kansa, sannan ka tsaya cik ka ƙirga biyar zuwa goma. Mafi yawan cizo a wannan tsayawar yake zuwa. Bayan minti biyu ka ƙara ƙafa 2, haka har ƙasa, sannan ka sake hawowa. Inda ka samu taɓi, ka riƙe wannan zurfin. Idan minti goma sha biyar ta wuce shiru, koma rami na gaba a hankali. In kana cikin tanti mai duhu a ruwa mara zurfi, leƙa ramin: za ka ga ƙasan tafkin kore shar, ka ga kifin ya shigo kamar inuwa, ya zagaya koton sau biyu, ya buɗe farin bakinsa. A nan kada ka daina motsin da ya jawo shi, ka ɗan ja koton sama kaɗan kaɗan kamar yana gudu. Da yawa a nan suke daskarewa, kifin ya juya ya tafi.

A bakin rami aka fi asarar kifi. Renbo da ya ga haske sai ya fizga gefe yana zagaye, zaren yana gogar kaifin ƙasan ramin har ya tsinke. Maganinsa ka sassauta birkin kwarkwaron tun kafin ka fara, yadda in ka ja zaren da hannu zai fito ba tare da gardama ba, kuma in ya fizga ka tsoma bakin sandar cikin ramin. Kada ka ɗago sai kansa ya shigo ramin da kansa. Da kai ya shigo, shi zai turo kansa sama, kai dai ka tallafe shi da hannu. Wanda za ka mayar, cire masa ƙugiya yana cikin ruwan, domin a sanyin Janairu sassan numfashinsa da ke gefen kai da idanunsa suna daskarewa cikin ɗan lokaci kaɗan, ko ya yi iyo ya tafi ba lallai ya rayu ba.

Ka kula da doka, don tafkunan da aka keɓe wa tirawut nasu daban ne. Bayan lasin kamun kifi, mai shekara 18 zuwa 64 sai ya sayi ƙarin izinin tirawut. Zare ɗaya tak aka yarda, ba biyu ba kamar sauran tafkuna da hunturu. An hana ƙananan kifaye masu rai a matsayin koto, ko riƙe su ma a wurin laifi ne, saboda in suka kuɓuce suka hayayyafa za su cinye abincin tirawut ɗin. Adadin kifin da aka yarda ka riƙe biyar ne, kuma waɗanda suka wuce inci 16 kada su fi uku. Lokacin yana buɗewa tsakiyar Janairu ya rufe 31 ga Maris. Ka duba littafin dokokin bana, wasu tafkunan suna da ƙarin sharaɗi.

Tunda ka ce har tsakiyar tafki kake zuwa kai kaɗai, wannan ya fi damuna fiye da rashin kifin. Inci 4 na ƙanƙara garau, mai duhu kamar gilashi, shi ne mafi ƙarancin abin da mutum zai taka. Farar ƙanƙara mai haɗe da dusar ƙanƙara rabin ƙarfinta gare ta, sai ka ninka awon. Kuma kaurin bakin gaɓa ba shi ne na ciki ba, DNR ta ce a riƙa aunawa duk ƙafa 150. Ka tafi da dagi kana sara gabanka, in ruwa ya ɓullo a sara ɗaya, juya ta inda ka fito. Tsofaffin ramukan ma'adinai da suka cika da ruwa, irin na yankin Cuyuna, suna da zurfi sosai, suna jinkirin daskarewa, ga idanun ruwa a ƙasa, kada ka auna su da tafkin unguwa. Rataya ƙusoshin ceto biyu a wuya, a saman riga. In ƙanƙara ta ɓurma da kai, minti na farko numfashi kawai za ka sarrafa, sannan kana da kamar minti goma kafin hannuwa su mutu: juya ta inda ka zo, kafa ƙusoshin, harba ƙafafu a baya kamar mai iyo, ka zame ka hau, ka mirgina nesa kafin ka miƙe. In ka kunna hita ta gas a tanti, bar ƙofar iska a buɗe, hayaƙinta ba shi da wari.

Daga ƙarshen Fabrairu kuma ka ƙara hawowa sama. Dusa ta toshe haske, ciyawa ta mutu tana ruɓewa, iskar shaƙa tana ƙarewa daga ƙasan ƙananan tafkuna, sai kifin ya taru a ƙafa biyun farko ƙarƙashin ƙanƙara. Ciyawar da ka ciro ta yi baƙi tana wari, bar wurin, nemi inda take kore.

Allah ya ba da sa'a, ya kuma tsare. Zuwa na gaba ka nemi abokin tafiya, ku riƙe igiya mai ƙafa 50.