Mahaifina Ya Rasu da Sankarar Hanji, Ni Ma Yanzu Ina Ganin Jini: Basir Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ni malamin makaranta ne a Funtuwa, shekaruna 41. Mahaifinmu ya rasu yana da shekara 54. Ya fi shekara biyu yana shan maganin basir kafin a kai shi asibiti, aka ce sankarar hanji ce kuma ta riga ta kama hanta. To yau wata uku ke nan nake ganin jini idan na zagaya, wani lokaci har da majina. Mai kemis ya ce basir ne, ya ba ni maganin cusawa. Wallahi ko barcin kirki ba na yi. Shin ana gadon wannan ciwo? Wane gwaji zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara.

Malam, kana bukatar a haska babban hanjinka da kyamara, gwajin da muke kira kolonoskopi, kuma cikin makonnin nan, ba bayan hutun makaranta ba. Ko da ba ka ga ɗigon jini ba, lokacinka ya riga ya yi. Ƙa'idar ita ce duk wanda aka samu uwarsa, ubansa, ɗansa ko wanda suke ciki ɗaya da sankarar hanji, ko tsiro mai haɗari, kafin shekara 60, zai fara gwajin yana ɗan 40, ko kuma shekara goma kafin shekarun da aka gano ciwon ɗan'uwan nasa, duk wanda ya riga zuwa. Sannan a maimaita duk shekara biyar. Wannan ya shafi yayyenka da ƙannenka duka, maza da mata, sai ka sanar da su.

Ban ce sankara gare ka ba. Mafi yawan masu ganin jini a bayan gida wani abu ne daban: basir na gaskiya, tsagewar dubura, atuni, ko tsargiyar hanji ga masu shiga rafi da fadama. Amma babu likitan da ya isa ya bambance su daga bayanin baki, balle mai kemis da bai duba ka ba.

Wannan kalma ta basir ta ci mana mutane ba adadi. A ƙasar Hausa komai basir ne. Ciwon baya basir, kumburin ciki basir, kasala basir, raunin mazakuta basir. Ka shiga tasha ko kasuwar ƙauye, ga mota da lasifika a kanta, ga robobin jiƙo jere a but, mai magani yana lissafa basir mai tsiro, basir mai jini, basir mai sa tusa, kowanne da kwalbarsa. Basir a likitance abu guda ne: jijiyoyin jini na bakin dubura da suka kumbura. Ba ya ramar da mutum. Ba ya sa bayan gida ya koma siriri kamar fensir. Ba ya sa a yi mako ana gudawa, mako ana fama da taurin ciki. Ba ya sa mutum ya fito daga makewayi ya koma sau biyar ba abin da ke fita sai majina da jini. Duk mai waɗannan alamu da aka ce masa basir ne, an cuce shi.

Ba na manta wani magidanci da bai kai hamsin ba, ɗansa ya riƙo shi suka shigo ofishina. Ya ɗaure wandonsa da igiya saboda rama, a hannun ɗan kuma leda ce cike da kwalabe da ƙullin sassaƙe. Wata goma sha huɗu yana sha. Na sa safar hannu na duba shi da yatsa, ko minti ɗaya ba a yi ba na taɓa ƙullutu mai tauri. Na tambaye shi ko an taɓa yi masa irin wannan dubawa, ya sunkuyar da kai ya ce a'a, ai da kunya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ya je asibiti har sau biyu, aka rubuta masa maganin basir daga bayan tebur ba tare da an ce ya kwanta a duba ba. Don haka laifin ba na masu lasifika kaɗai ba ne, mu ma ma'aikatan lafiya muna da kasonmu. Kuma mutum yana iya samun basir na gaske ga kuma sankara a can sama, ganin basir ba ya rufe bincike.

Abin da ya sa nake ɗaga murya shi ne wannan ciwo yana ba da lokaci fiye da yawancin sankara. Galibi yana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan ɗauki kamar shekara goma kafin ya rikiɗe. Tsiron da muke kira mai haɗari shi ne wanda ya kai santimita ɗaya, ko wanda aka duba a madubin likita aka ga ƙwayoyinsa sun fara lalacewa sosai. Irinsa ba ya ciwo, sau da yawa ko jinin da ido zai gani ba ya fitarwa. A lokacin haskawar ake zarge shi da siririyar waya a yanke, ba tare da an tsaga ciki ba, an tare sankarar tun ba ta zama ba. Ko ta zama ma, alƙaluman Amurka sun nuna kusan mutum 9 cikin 10 da aka gano tasu tun ba ta fita daga hanji ba suna raye bayan shekara biyar. Idan ta kai hanta ko huhu, ba su kai 2 cikin 10 ba. A 2020 mutum fiye da 900,000 ta kashe a duniya, ita ce ta biyu a kisa bayan sankarar huhu.

Game da gado, samun mahaifi mai ciwon yana ninka haɗarinka kamar sau biyu. Akwai kuma gado mai ƙarfi irin wanda ake kira Lynch, inda za ka ga dangi da yawa sun kamu tun suna matasa, mata kuma da sankarar mahaifa. Ka tambayi gwaggonninka da baffanninka abin da ya yi ajalin ’yan'uwansu, ka kai wa likita labarin. Sauran abubuwan da ke ƙara haɗari su ne shekaru, ƙiba musamman tumbi, ciwon suga, taba, giya, rashin motsa jiki, da yawan jan nama. A 2015 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo ta. Ban hana ka tsire ko kilishi ba, amma kada su zama abincin kowane dare, kuma ka riƙe wake, zogale, rama da tuwon dawa.

Ga wanda ba shi da alama kuma ba a taɓa yi a danginsu ba, a Amurka an sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45 a 2021: gwajin ɓoyayyen jini a bayan gida, FIT, duk shekara, ko haskawa duk shekara goma. Kai wannan gwajin bayan gidan ba naka ba ne, tunda jinin a fili yake. Kada ka ɓata kuɗinka a kansa, ko a kan hoton ciki na sikanin, ba ya nuna tsiron hanji.

Ka nemi takardar turawa zuwa sashen tiyata ko na ciwon ciki a asibitin koyarwa. Na ABU da ke Shika ya fi kusa da kai, ga kuma na Malam Aminu Kano. Za a auna yawan jininka, a duba ka da yatsa, a ba ka rana. Ana gobe za ka sha maganin wanke ciki, ruwa-ruwa kawai za ka sha, kuma ka shanye maganin duka, don idan hanji bai wanku ba ƙaramin tsiro yana ɓuya. Ana yin allurar da ke sa gyangyaɗi, aikin kan ɗauki kamar rabin awa, saboda haka ka tafi da wanda zai rako ka gida. Idan kafin ranar jinin ya yi yawa, ko jiri ya fara ɗibarka, ko ciki ya kumbura ba bayan gida ba tusa, ka wuce sashen gaggawa a ranar. Allah Ya ba ka lafiya.