Na rubuta "ana zargin", amma loya ya aiko min da takarda. Ina laifina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a sakaya sunana. Ina da shafin labarai a Facebook na ƙaramar hukumarmu, yau shekara 3 ina yi, mabiya sun haura 20,000. Sati biyu da suka wuce wani ya turo min saƙon murya ta WhatsApp da hoto ɗaya, wai incajin asibitin sha-ka-tafi na garinmu yana kwashe madarar tamowa da ake ba yara kyauta yana kai wa masu shaguna. Hoton katan-katan ne jibge a cikin wani shago. Raina ya ɓaci sosai don na san mata da ake ce musu kaya ya ƙare su dawo wani satin. Na sa labarin da sunansa da hotonsa, amma wallahi Malam na yi taka-tsantsan, na fara da "ana zargin" yadda manyan kafofi suke yi, a ƙarshe kuma na ce shafinmu bai tabbatar ba. Yanzu loyansa ya aiko min da takarda, an ce yaransa sun daina zuwa islamiyya saboda tsokana, mahaifiyata ko barci ba ta iya yi. Abokaina suna cewa in na goge to tsoro na ji ko an saye ni. Ni dai ban ce ya yi ba, abin da aka ce na faɗa. Ina laifina? Kuma ya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka gaida Mama, ka ce mata ta kwantar da hankalinta, abu ne da ake gyarawa in an bi shi da wuri. Fushin da ka yi saboda yaran nan fushi ne mai kyau, kar ka rabu da shi. Amma tunda ka tambaye ni laifinka, zan faɗa maka ba ɓoye-ɓoye, yana nan cikin kalmomin nan biyu da kake ganin su ne garkuwarka.

Ana zargin. Wallahi babu ranar da za ta fito ta faɗi ban ci karo da wannan ba, daga masu shafuka har wasu da ke yawo da katin NUJ, wato ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, a aljihu. Wani ya koya muku, ban san ko wane ne ba, cewa in ka manna "ana zargin" ko "wata majiya ta ce" ko "yadda muka samu haka muka kawo muku" a goshin labari to shikenan ka wanke hannunka, duk abin da ya biyo baya ba ruwanka. Ba haka ba ne, kuma ba a taɓa yin lokacin da haka ne ba. Tambaya ɗaya nake yi wa duk yaron da ya kawo min irin wannan labarin lokacin da nake teburin edita: wa ke zargin? Faɗa min sunansa. In 'yan sanda ne suka gurfanar da mutum, ga takardar tuhuma, ga kotu, ga rana, to nan ne ake cewa ana zarginsa, domin akwai mai zargin da ya tsaya da ƙafarsa ya sa hannu, kuma kalmar an sa ta ne don kare wanda ake tuhuma tunda alƙali bai yanke hukunci ba. Haka manyan kafofin da ka ambata suke amfani da ita. Kai kuma ka juya ta, ka mai da ita rigarka. A labarinka wa ke zargin? Wata murya ce a waya wadda ba za ta zo kotu ba. Kafin ka danna fostin mutum nawa suka san maganar? Ƙila biyar. Bayan ka danna, 20,000. To a idon garin nan da idon doka kai ne mai zargin.

Kuma ba ra'ayina ba ne wannan. Tsohuwar ƙa'ida ce a shari'ar ɓata suna cewa wanda ya maimaita ƙage yana ɗaukar nauyinsa kamar wanda ya ƙirƙira, cewa "ni ma ji na yi" ba hujja ba ce a gaban alƙali. Penal Code, wato kundin dokar hukunta laifuka da Arewa ke aiki da shi tun 1960, ya yi maganar ɓata suna a sashe na 391 da 392, ɗauri har shekara 2 ko tara ko duka biyun, ko da yake wasu jihohin sun sabunta nasu lambobin sun canza. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ni kaina ina cikin masu adawa da yadda masu mulki suke amfani da shi suna kwashe 'yan jarida da masu shafuka, kotun ECOWAS ma ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, an kuma yi masa gyara a 2024, amma har yau ana kama mutane da sunansa. Abin da ke min ciwo shi ne duk sanda ɗayanmu ya yi irin gangancin da ka yi, hujja muke ƙara wa masu son rufe mana baki.

Sai wancan layin na ƙarshe, wai shafinmu bai tabbatar ba. Ƙanena in ba ka tabbatar ba me ya kai ka sa hoton fuskar mutum? Ka san mutanenmu sarai, kanun labari da hoto suke gani su yi shiya, wasu ma sikirinshot za su ɗauka su yanke ƙasan su watsa a guruf-guruf. Yaran islamiyyar da ke ce wa 'ya'yansa 'ya'yan ɓarawo, wa ya karanta musu layin ƙarshe?

Ni na taɓa yi, shi ya sa nake zafi a kai. Farkon shigata aiki a wani gidan rediyo, kafin zuwan wayar hannu, aka yi haɗarin mota a hanyar shigowa gari. Na je tasha, wani ɗan kamasho ya lissafo min sunayen waɗanda ya ce sun rasu, na rubuta, na sa "rahotanni sun ce", aka karanta a labaran yamma. Ɗaya daga cikinsu ashe ya sauka a wani ƙauye tun kafin haɗarin. Washegari edita ya ce in tashi in je gidan da kaina. Na tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, butoci a jere, mutumin da na kashe a rediyo yana zaune a kan ɗaya daga cikin tabarmin da aka shimfiɗa don karɓar gaisuwarsa, mahaifiyarsa kuma tana asibiti, faɗuwa ta yi da ta ji sunan, ɓarin jikinta bai ƙara motsi ba. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, da ka zo ka tambaya." Tsakanin tashar da gidan bai kai tafiyar minti 20 ba.

Wannan ma mutum ɗaya ne. Ka tuna watan Yunin 2018 a Filato, bayan harin yankin Gashish a Barikin Ladi, yadda hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook ana cewa ga abin da aka yi. Binciken da BBC ta yi daga baya ya gano wani bidiyon ma ba a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kongo Barazabil ne tun 2012. Ranar 24 ga watan Yunin 2018 ɗin aka tare hanya tsakanin Mangu da Jos aka fito da mutum 11 daga motoci aka kashe. Ka tuna Agustan 2014 lokacin Ebola, da saƙo ya zagaya tsakar dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, aƙalla mutum 2 suka mutu, wasu aka kwantar. Masu tura waɗannan abubuwan akasarinsu ba mugaye ba ne, mutane ne masu ganin taimako suke yi, kowa na cewa ni dai yadda na samu na tura. Hoton katan-katan ɗinka, ka san ranar da aka ɗauke shi? Ka san ko a garinku ne?

Allah ya riga ya gama mana wannan darasin a Suratul Hujurat aya ta 6, in fasiƙi ya zo muku da labari ku yi bincike, kada ku cutar da mutane cikin rashin sani ku wayi gari kuna nadama. Manzon Allah (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, Imamu Muslim ya kawo shi a gabatarwar Sahihinsa. Duk abin da ya JI fa aka ce, ba abin da ya ƙirƙira ba. A ƙissar ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, Suratun Nur ta tsawata wa waɗanda suka riƙa karɓar maganar da harsunansu suna faɗin abin da ba su da sani a kai, suna ɗaukar abin ƙarami alhali babba ne a wurin Allah. Masu shafukan tonon silili da ke sa hotunan 'yan mata da matan aure su rubuta "ana zargin", su je su karanta aya ta 4 a surar su ga bulala nawa ce, 80 ce.

Kar ka fahimce ni a baibai, ban ce incajin nan bai yi ba. Ƙila ya yi, karkatar da madarar tamowa abu ne da ke faruwa kuma yara ne ke mutuwa a kai. Adalcin ɗan jarida bai hana shi jin haushi ba, aikin da zai yi kafin ya buga shi ne adalcin. Da ka je shagon ka gani da idonka, ka sayi ƙulli ɗaya, ka ɗauki hoton lambar da ke jikin katan. Da ka zauna da matan nan ka duba katinsu ka rubuta ranakun da aka ce musu babu. Da ka tambayi kanka shi mai turo muryar me ke tsakaninsa da mutumin, ko kujerar yake so, ko rigimar siyasa ce aka neme ka ka zama sojan baka a kyauta. Sannan ka kira incajin ka karanta masa zargin dalla-dalla, ka tura masa tes, ka ba shi kwana ɗaya ko biyu. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun tanadi wannan haƙƙin na mayar da martani. Kuma don Allah a daina abin nan na yi wa mutum filashin sau ɗaya a rubuta "duk ƙoƙarin jin ta bakinsa ya ci tura", wannan ha'inci ne.

Na san za ka ce min ofisoshin ba sa amsawa, kuma gaskiyarka. Ka je sashen lafiya a ce oga yana mitin, ka koma a ce ba ni da hurumin magana, ka rubuta takarda ta kwana wata uku a kan tebur, alhali dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kwana 7 ta ba su. Wannan ɗabi'ar tasu ita ke ciyar da ji-ta-ji-ta, suna da kaso mai tsoka a laifin. Amma shirun nasu ma labari ne da za ka iya bugawa da hujja, ranar kaza na kai takarda, ga kwafin da aka buga wa hatimi, yau kwana kaza ba amsa. Babu loyan da zai aiko maka da takarda a kan wannan.

Yanzu abin yi. Yau ɗin nan ka ajiye muryar da hoton da sikirinshot na fostin ɗin a wuri mai kyau, sannan ka sauke shi daga shafin. Kar ka amsa takardar loyan da kanka, kar kuma ka yi wani sabon fostin na cika baki, ka nemi loya ya karanta ta tukuna, in ba hali ka je ofishin NUJ na jiharku ka nemi shawara. Da shawararsa ka rubuta gyara a fili, ka maƙala shi a saman shafin yadda kowa zai gani, ka ce ka buga zargin da ba ka bincika ba kuma ba ka ji ta bakin mutumin ba, ba irin "in wani ya ji haushi ya yi haƙuri" ba. Ka samu kawunka ko limamin unguwarku ya raka ka gidansa. Abokan da ke zuga ka kuwa, tambaye su wa zai tsaya maka beli a cikinsu.

Bayan ƙura ta lafa ka koma kan maganar madarar, ka faro ta daga shagon nan da katin matan nan. In ka haɗa abin da ka samu turo min kafin ka buga, zan duba maka.