Kafin maganar manhaja, wayar wa yaron zai riƙe?

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin tambayi yadda za ku mayar da darussan matasanku kan intanet tunda annoba ta sa an hana taro, da manhajar da ta fi dacewa. Na yi wannan aikin lokacin korona, kuma shawarata ki ajiye maganar manhaja tukuna. Ki fara kiran iyaye ɗaya bayan ɗaya, ki ji wayar wa yaron zai yi amfani da ita, kuma ƙarfe nawa take shiga hannunsa.

A wurinmu yawanci wayar uba ce ko ta yaya, sai dare take dawowa gida. Wanda ya sa darasin kai tsaye da hantsi, shi kaɗai zai sha surutunsa. Ba mu kaɗai ba ne kuwa: a watan Agustan 2020 UNICEF ta ce aƙalla yara miliyan 463, kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan makarantar duniya, karatun nesa bai kai gare su ba.

Shi ya sa muka jingina da saƙon murya a WhatsApp. Bayanin minti biyar, hoton shafi ɗaya, tambaya ɗaya. Yaro ya saurara sanda ya samu, ya amsa da biro a takarda, ya ɗauki hoto ya turo. Hoton zai zo a karkace, da ɗan yatsa a gefe, amma dai an yi aikin, kuma bai cinye data kamar bidiyo ba. Kada ki raina murya. Da rediyo Saliyo ta riƙe ɗalibanta lokacin Ebola a 2014.

Zoom, manhajar taro ta bidiyo, sau ɗaya a mako ya isa, don su ga juna su gaisa. Na kyauta yana yankewa a minti 40, ni ban ga aibin hakan ba, ɗan shekara 14 kafin nan ma hankalinsa ya tafi. Ki sa kalmar sirri da ɗakin jira, inda mai shiga zai tsaya sai kin buɗe masa, domin a farkon korona baƙi sun riƙa faɗawa azuzuwa suna watsa batsa. Kyamara kuma kada a tilasta. Wani ɗaki ɗaya yake da ƙannensa, ba ya son a gani.

Abin da ba na sassautawa: babu malamin da zai bi yaro ta saƙon sirri. Manya biyu a kowane zauren WhatsApp, da sanin iyaye.

Sannan ki riƙe rajista. Wanda ya yi mako bai turo komai ba, a kira gidansu. Sau da yawa data ce ta ƙare, ko wayar ta lalace, ko an ɗora masa wani aiki. Irin waɗannan mukan buga musu darasin a takarda, wani babba ya karɓar musu.