Kafin ka ce batir ne, fara auna bodi

Yarona, ka ce taraktan yankan ciyawa na gidan nan na Rayfield yana ƙona fiyus, in ya kwana kuma caji ya sauka, kana tambaya ko a canza batir kawai. Kar ka taɓa aljihun mutane tukuna.

Wannan ba mota ba ce. A mota ai bodi shi ne negatif, amma yawancin masu batir ɗin nan, irin batir mai volt 12 guda huɗu da aka jera suka ba da volt 48, ba a haɗa su da bodi sam, to duk wutar da ka samu a jikin ƙarfen satar hanya ta yi. Duba wayarin dai ka tabbatar naka haka yake.

Cire makulli, cire caja, zobe da agogo ma cire su don Allah, batir ba ya wasa da ƙarfe. Sa mita a DC, jan wayar mita a kan fozitif na ƙarshen jerin batir, baƙin a bodi inda ka kankare fenti. Wani lokaci mita zai nuna wutar ƙarya, sai ka haɗa kwan fitila biyu na volt 24 a jere tsakanin fozitif ɗin da bodi, in lambar ta faɗi sake aunawa haka daga negatif na ƙarshe, in nan ma ta faɗi ba babbar satar wuta, in ta tsaya kyam akwai matsala, kuma lambar da kanta za ta nuna maka wurin, in ka ƙirga daga fozitif 12 tsakanin batir na ɗaya da na biyu ne, 24 tsakiya, in ka ga 48 ko 50 to ɓangaren negatif ne ke taɓa bodi.

Da daminar Jos ɗin nan na fi zargin saman batir. Za ka ga ƙura ta haɗu da ruwan batir da ɗanyar ciyawa ta yi danƙo, ga farin gari a kan tasha, wato kan batir inda ake ɗaura waya, wuta na bi ta nan har ƙarfen da ya riƙe batir. Wanke da hodar bakin soda (baking soda) da ruwa, kar ya shiga ramukan, ka bari ya bushe sosai ka sake aunawa.

In wutar tana nan har yanzu, sai ka dinga cire wayoyi ɗaya-ɗaya, na motar lantarki mai juya wuƙa, na motar lantarki mai juya taya, soket ɗin caja, wanda ka cire lambar ta ɓace shi ne. In motar lantarkin mai burushi ce hure baƙin garin da ya taru ciki, ka kuma leƙa ƙarƙashin kujera inda waya ke gogar ƙarfe. Mega kuwa, mitar nan mai tura babbar wuta don gwada satar wuta, kar ka sa sai ka ware kwanturola, akwatin da ke sarrafa wutar motocin lantarkin, zai kashe ta. Kuma kar in ji ka ɗaura waya a madadin fiyus.